Noeline da Gwangwanin Ɗakin Majigi

Shekara goma sha takwas Noeline Treloar ta yi tana shiga kantin kayan arha na rukunin shagunan Tallara duk ranar Alhamis da hantsi. Takan wuce sashen sabulu, ta wuce na fitilu, ta tsaya a layin bokitai da tsintsiyar roba, ta ɗaga kai tana magana da silin. Ba ta ɗaga murya. Labarin mako take bayarwa: jikarta ta goga motar uwarta a bango, maƙwabci ya sare itacen lemon tsami, likita ya ƙara mata ƙwaya. In ta gama sai ta ɗauki soso ko igiyar shanya, don kada a ce ta shigo ta fita hannu rabbana, ta biya ta tafi. 'Yan matan kantin sun daɗe da yanke hukuncin cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Mijinta ne a saman silin ɗin, ko kuwa dai haka ta sani.

In ana so a gane yadda aka yi, sai an bi abin daki-daki daga 1975, shekarar da aka buɗe rukunin shagunan a wajen birnin Adelaide ta arewa, a filin da a da gonar inabi ce. An yi babban kantin abinci, da kemis, da banki, da shagon mahauci. A ƙarshen ginin kuma, ta wajen filin ajiye motoci, aka yi gidan silima mai ɗakin kallo biyu, ɗaya da jan labule, ɗaya da shuɗi. Shi ya sa aka raɗa masa Tagwayen Tallara. Zauren sayar da tikiti da kayan ƙwalama yana ƙasa. Daga nan matattakala mai kafet ta hau zuwa ɗakunan kallo, kuma a tsakaninsu, daidai saman tukunyar gugguru, akwai wani matsattsen ɗaki inda na'urorin majigi suke.

Noeline tana da shekara ashirin aka ɗauke ta aiki a zauren, 'yar wani mai fenti a masana'antar motoci. Ta yaga tikiti, ta kori yara daga layin gaba da tocila, ta kankare cingam a ƙarƙashin kujeru, amma aikin da ya zama nata har ƙarshe shi ne askirim mai hular cakulan. Ba a sayo shi a haɗe, da hannu ake yi. A cika mazubin biskit da askirim, a danna da bayan cokali, a jera a firiza ya ƙanƙare, a kifa kansa cikin narkakken cakulan, a juya a ɗaga, a mayar firiza. In hannu ya yi nawa askirim ya zame cikin tukunya, in ya yi gaggawa hular ta tsage. Duk wanda ya tashi a Tallara a shekarun nan ya san taurin hular Noeline, domin sau biyu take tsomawa, manaja bai sani ba.

Mai majigin sunansa Desmond Treloar, amma Des kowa ke cewa. Dogo ne siriri kamar sillen kara. Da an tsayar da fim don hutun tsakiya sai ya sauko ya jingina da teburinta. Ƙa'idar gidan ita ce askirim ɗin da ya fashe na ma'aikata ne.

"Ke 'yar gugguru, akwai fasasshe?"

"Babu. Hannuna ba ya fasawa."

"To fasa ɗaya mana. Kowa da ranar kuskurensa."

"Kai dai ba ka da kunya. Koma sama kafin fim ɗinka ya ƙone."

Sai ta ƙwanƙwasa ɗaya a bakin teburi ta miƙa masa, fuskarta a ɗaure. A 1978 suka yi aure, a 1980 aka haifi 'yarsu Kerryn.

Des bai taɓa kai ta ko'ina ba. Ba rowa ba ce. Silima ba ta san Asabar ba, ba ta san Lahadi ba, kuma lokacin Kirsimeti, wanda a can tsakiyar bazara ne, da zafi ke koro jama'a daga gidajensu su zo neman sanyin ɗakin kallo, shi ne lokacin da aiki ya fi tsanani. Kullum alkawarinsa ɗaya ne: in an sami sarari zai ɗauke ta a mota su nausa yamma, ƙasar alkama, har bakin teku. Takan ce, "Kai da ka ga duniya kaf ta 'yar tagar nan taka, me za ka je nema?" Shi kuma ya ce ai ita yake tausaya wa, da ba ta ga komai ba sai gindin tukunyar cakulan.

Aikin sama yana da nasa ƙa'idojin, waɗanda ba wanda ya taɓa rubutawa. Fim yana zuwa daga birni a naɗe cikin gwangwanaye masu faɗi, zagayayyu kamar faifai, kowanne da murfinsa. Ran Laraba direban kamfanin rarraba finafinai yake zuwa. Ba ya tambayar kowa komai, don sau da yawa mai majigi yana kan aiki. Gwangwanin da aka gama da shi ana zagaye bakinsa da jan salatif. Direba ya ga ja, ya ɗauka. Bai ga ja ba, ya bari. Haka ake yi a kowane ɗakin majigi na jihar, daga birni har ƙauye, kuma ba a taɓa jin ya kawo rikici ba.

Zamani riga ne. A tsakiyar shekarun 1980 aka buɗe shagon hayar kaset ɗin bidiyo a cikin rukunin, ƙofa da ƙofa da Tagwaye, har Des ya daina bi ta gabansa. A 1996 aka gina wani katafaren gidan silima mai ɗakuna barkatai a unguwar gaba, samari suka koma can gaba ɗaya. Masu Tagwaye suka rage kuɗin tikitin Talata, suka ƙirƙiro kallon safe na tsofaffi da shayi da biskit. Rufin ɗakin shuɗin labule ya fara yoyo, aka riƙa tara bokitai tsakanin kujeru. Ma'aikata suka yi ta raguwa, har a sama ya rage daga Des sai abokin aikinsa Lindsay Pope, wani gajere mai dariya kamar tari.

A 2002, wata safiya, Des ya fita ba tumatirinsa ruwa a bayan gida, ya yanke jiki ya faɗi, tiyo na zuba a hannunsa. Zuciya ce. Wasiyyarsa kuwa kowa ya san ta, don ya sha faɗinta cikin raha har ta gundure su: a ƙona shi, a ajiye tokar a ɗakin majigi, ya riƙa sa wa Lindsay ido kada ya ɗora fim a kife.

Da Noeline ta karɓo tokar, cikin wata baƙar roba aka ba ta, mai kama da galan ɗin man juye. Ita da Kerryn suka hau da ita sama da safe, kafin a buɗe ƙofa. Lindsay ya dubi robar ya yamutse fuska.

"Haba, Noeline. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a hidimar fim, a bar shi cikin galan? Wallahi fatalwarsa sai ta shaƙe ni."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon gwangwanin fim mai lotsawa a gefe, duk jikinsa tsofaffin takardun da aka liƙa masa na garuruwan da ya taɓa zuwa. Suka zaro ledar tokar daga robar suka sa ciki, ta zauna daidai kamar don ita aka ƙera shi. A kan ledar Noeline ta ɗora ɗan burushin da Des yake share na'ura da shi, wanda ya tattaune mariƙinsa tsawon shekaru. Lindsay ya rufe, ya miƙa hannu ya ciro salatif daga ƙusar da yake rataye, ya zagaye bakin don kada ya buɗe, ya taka kujera ya ɗora shi a kan kantar da ke can sama, inda ba mai taɓa komai. Manaja ya san da maganar, ya ce shi bai ji ba bai gani ba.

Shekara uku Noeline tana tsoma askirim a ƙasa, mijinta yana sama, kamar yadda aka saba. Ran Alhamis, ranar da ake canza fim, takan hau ta gaya masa abin da aka kawo.

Wata Litinin a 2005 ta sauko daga bas da rigar aikinta a jaka, ta tarar da sarƙa da kwado a ƙofar gilashi. Ta yi sororo. Jiya-jiya ta bar cakulan a tukunya don aikin yau. Ta manna fuska a gilashi, ga fitilar firiza ma tana ci. Mai gadin rukunin ya ƙaraso yana sosa ƙeya.

"Misis Treloar, kamfanin ya durƙushe. Mu ma da safen nan muka ji."

"Wane kamfani? Jiya fa na cika firiza! Buɗe min, mijina yana sama."

Mai gadin ya dube ta, ya dubi ƙasa. Da shi aka yi jana'izar Des.

"Ki je gida ki huta, Misis Treloar," in ji shi a hankali.

Ta je ofishin masu ginin, aka ce maganar kamfanin silima ce. Ta nemi kamfanin, babu kamfani, wayarsa ma an yanke. Kuma ta kasa buɗe baki ta faɗi ainihin abin da take nema, don ba da izinin kowa aka ajiye shi ba, tana tsoron a ce an karya doka a kwashe shi a kai wani sito. Tana cikin wannan jan ƙafa magina suka zo. Aka fasa zauren, aka fitar da teburinta, aka ja bango a bakin matattakala daga ƙasa har sama, aka yi fenti, aka kafa kantoci. Kantin kayan arha ya buɗe. Saman kuwa ba wanda ya ga amfanin taɓa shi, aka rufe shi yadda yake.

Lindsay ne ya kwantar mata da hankali. "To me ya roƙa? Ba a bar shi a sama ba? Ga shi an bar shi, har da bango. Ko sarki ba a yi masa kabari irin wannan." Noeline ta tsaya a ƙofar kantin ta auna da ido, ta gane inda tukunyar gugguru take a da, layin bokitai ne yanzu. Tun daga nan ziyarar Alhamis ta koma can. Ita kuma ta kama aiki a kicin ɗin gidan kula da tsofaffi har ta yi ritaya.

A 2023, tana biyan kuɗin soso, yarinyar kantin ta ce, "Mama, ki saya da yawa, saura kaɗan mu tashi. Rushe ginin za a yi gaba ɗaya, gidajen bene za a yi."

Soson ya suɓuce daga hannunta. Ba ta san yadda ta kai ƙofa ba. Daga bakin titi ta kira Kerryn, ko gaisuwa babu. "Za su sa wa babanki katafila."

Kerryn nas ce, ba ta tsoron ofis. Ta ce wannan karon babu ɓoye-ɓoye. Da kantin ya kwashe kayansa aka zagaye ginin da shinge, suka je suka nemi shugaban masu rusau, wani ƙato mai suna Spiro Kalogeras. Kerryn ta faɗi maganar ba kwana-kwana. Spiro ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji, baki buɗe.

"Mutum? A ginina? Cikin gwangwani?" Ya juya wajen Noeline ya ƙura mata ido, sai fuskarsa ta canza. "Tsaya. Ba ke ce mai askirim ba? Ke ce mai tsomawa sau biyu!" Ya ɗaga leɓensa ya nuna haƙorin gaba da ya ɓantare. "Aikinki ne wannan, Misis Treloar."

"Ai na gane ka. Kai ne mai shigo da 'yan'uwanka ta ƙofar baya."

"Ba ni ba ne, yayana ne," in ji Spiro. "Ku zo gobe da safe da takalmi mai rufi. In maigidana ya tambaya, ku masu duba gini ne."

Suka zo da Lindsay, wanda yanzu sanda yake dogarawa. Aka ba kowa hular kwano. Leburori suka yanka bangon da zarto, suka ture shi, ƙura ta tashi ta lafa. Sai ga matattakala.

Kafet ɗin nan ne, ja mai zanen rawaya, har da ƙunar sigarin matakin farko wadda Noeline ta sha gogewa ta ƙi fita. Tocilar Spiro ta hau bango: hotunan finafinan makon ƙarshe suna cikin gilasansu, sun koɗe. A ɗakin jan labule kujeru suna jere a naɗe, kamar jama'a sun fita hutun tsakiya yanzu za su dawo. Wani kofin takarda yana zaune a hannun kujera da abin zuƙarsa a ciki. Bokitan yoyo suna nan a ɗakin shuɗi, sun bushe ƙamas. Kerryn, wadda a kan kafet ɗin nan ta yi rarrafe, ta toshe baki da hannu.

"Duk shekarun nan muna sayen tsintsiya a ƙarƙashin wannan?" in ji ta.

Ɗakin majigi a buɗe yake. Na'urorin suna durƙushe kamar raƙuma, ƙura ta lulluɓe su. Noeline ta gyara hularta, ta ce, "Des, ga mu mun zo, tashi za a yi." Spiro ya haska kantar sama.

Babu komai.

Ya taka kujera ya shafa da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya nuna musu tafinsa. Ƙurar ta kwanta sumul, kaurinta ɗaya ko'ina, ko alamar zagayen gindin gwangwani babu. Abin da ya bar kantar nan ba jiya ya bar ta ba. Suka duba ƙarƙashin tebur, bayan na'ura, cikin kabad. Akwai gwangwanaye da dama a ƙasa, wasu wofi, wasu da guntayen talla, ba mai lotsawa a cikinsu.

Noeline ta zauna a kujerar Des. "Kerryn, da wa nake magana? Da wa nake magana duk Alhamis?"

Lindsay bai shiga neman ba. Yana tsaye yana kallon ƙusar da ke bango, inda ragowar salatif yake rataye har yanzu. Ya sa yatsa ya share ƙurar. Ja ne.

"Wayyo ni," in ji shi. "Noeline, salatif ɗaya ne a ɗakin nan. Ɗaya ne tun fil'azal."

Ya nuna gwangwanayen da ke ƙasa da sandarsa, ba ko ɗaya mai ja. Ya warware musu: kamfani ya durƙushe Litinin. Laraba dole an buɗe wa direba ya kwashe finafinan masu su, babu mai majigi a wurin, kuma an ja masa kunne kada ya bar komai. Ya ga ja a ƙasa ya ɗauka, ya ɗaga kai ya ga ja a sama, ya taka kujera. Nauyin ma ba zai sa shi shakka ba, don tokar mutum da naɗin fim kusan ɗaya suke a hannu.

"Kai ka aika mijina birni?" in ji Noeline. "Da hannunka ka liƙa masa alamar a tafi da shi?"

"Don kada ya zube na yi! Hannu ne ya saba, ko tunani ban yi ba, ni dai na ga gwangwani na..." Sai ya yi taga-taga har Spiro ya tare shi. "Allah mai iko. Fim ɗin Warrabie."

Tsofaffin masu majigi na jihar suna haɗuwa shekara-shekara su gasa nama su sharara wa juna ƙarya. Akwai labarin da ba a taɓa tashi ba a ba da shi ba: wai wani manomi mai haska fim a Warrabie, can ƙasar alkama, an taɓa aika masa fim ɗin da ya yi muni har ya iso a ƙone, ya buɗe gwangwani ya tarar da toka zalla. Lindsay ya sha yin dariyar labarin har da hawaye. Shi da kansa ya sha ba da shi, yana ƙara gishiri.

"Dariya ka yi?" in ji Kerryn.

"Ina na sani? Ni a sanina Des yana nan bayan bango!"

Washegari tun da sassafe Kerryn ta tuƙa su yamma, hanyar da Des ya yi ta alkawari. Noeline ta rungume jakarta a cinya, ko shayi ta ƙi sha. Gonakin alkama da garken tumaki suna wucewa ba ta ganinsu. Abin da ke cin ranta ɗaya ne: wanda ya ɗauka tokar fim ce, shara zai kai ta. Lindsay a kujerar baya ya yi gyaran murya zai yi magana, ta ce, "Kai, ka sake buɗe baki a titi za mu sauke ka."

Da la'asar suka shiga Warrabie. Titi ɗaya ne, da rumbunan alkama, da mashaya, da ɗakin taron gari na dutse. A bakinsa suka sami manomin, Athol Nitschke, tsoho mai hannuwa kamar shebur, yana sauke kujeru daga a-kori-kura don kallon Asabar. Ya saurari Kerryn har ƙarshe, sannan ya ajiye kujerar da ke hannunsa a hankali.

"Ashe yana da mutane," in ji shi. "Ku hau ɗakin majigi. Ku kula da mataki, ɗaya ya ruɓe."

Abin da Noeline ta fara gani ba gwangwanin ba ne, burushin ne, a rataye da zare a jikin tsohuwar na'urar da aka ture gefe tun da aka sayi ta zamani, ga mariƙinsa a tattaune. Ta yi ƙara ta dafe bango. Sannan ta gan shi. A kan wani ɗan katako da aka kafa musamman a gefen 'yar tagar da ake hango allo, ga gwangwani mai lotsawa, an goge shi yana ƙyalli.

"Tare da fim ɗin Asabar ya zo," in ji Athol. "Akwai tsohuwar takardar Warrabie a jikinsa, 'yan sito suka gani suka jefa shi cikin kayana. A teburin nan na buɗe. Ni na karɓo tokar matata da hannuna, Misis, na san ta mutum in na gani. Na buga wa sito waya, suka ce ba abin da ya ɓace musu, suka yi ta dariya. Daga can labarin ya fita, na bar shi a haka. In na kai wa 'yan sanda, ɗakin ajiya za su jefa shi tare da kekunan sata. Da na ga burushin na ce wannan ɗan sana'a ne, ba a raba ɗan sana'a da taga." Ya sosa gemu. "Burushin dai na ara. Ya fi nawa kyau."

"Kana nufin yana nan yana kallo? Tun 2005?"

"Ko Asabar ɗaya ba ta wuce shi ba. Baƙo nake kiransa. Ba shi da surutu, amma ya fi wasu 'yan kwamitinmu amfani."

Lindsay ya zauna a ƙasa daɓas, kuka da dariyar tarinsa sun haɗe masa.

Noeline ta matsa gaban gwangwanin. Kerryn ta zaci rungumarsa za ta yi. Sai ta ga uwarta ta riƙe ƙugu.

"Desmond Treloar! Tun da muka yi aure kake ce min babu sarari. Ashe da ka sami sarari kai kaɗai ka taho? Ka zo ƙasar alkama ka miƙe ƙafa kana kallon fim, ni ina can ina ba bokiti labarin hawan jinina?" Ta ɗora tafin hannu a kan murfin, ta daɗe a haka.

"Mama," in ji Kerryn, "na zo da bargo. Mu naɗe shi mu sa a mota."

Athol ya sa hannu ya kwance zaren burushin, ya miƙo wa Noeline.

Noeline ta dubi burushin, ta leƙa ta tagar. A ƙasa ga kujeru ana jerawa, ga farin allo, ga wata mata tana share dandamali. A gida ba ta da inda za ta ajiye shi sai saman talabijin. Tallara kuwa katafila na jira.

"Mayar da burushin," in ji ta. "Ɗakin majigi ya roƙa, ga ɗakin majigi." Ta sa farce ta kama bakin jan salatif ɗin, wanda Athol ya mayar yadda ya same shi, ta ɓare shi zagaye guda, ta dunƙule, ta danƙa wa Lindsay a hannu. "Riƙe. Naka ne."

Sannan ta juya wajen Athol. "Kana da wani gwangwanin irin wannan? Wofi?"

"Akwai a ƙarƙashin dandamali. Na mene ne?"

"Ajiye min ɗaya. Ba yanzu ba. Katakon nan kuma ka ƙara masa faɗi."

"Mama!" in ji Kerryn, ido waje.

"Ke za ki kawo ni, kuma ke za ki rufe." Ta nuna Lindsay da haɓa. "Wannan kada ki bari ya matso kusa."

A watan da ya biyo baya aka rushe Tagwayen Tallara. Noeline ba ta je gani ba. Ranar tana kicin ɗin ɗakin taron Warrabie, tana nuna wa matan kwamiti yadda ake kifa askirim a cakulan, sau biyu. Da suka ƙanƙare ta zaɓi ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a bakin teburi, fuskarta a ɗaure, ta hau sama da shi tana kula da matakin da ya ruɓe.